Kwana Biyu Ina Bin Tsofaffin Gine-ginen Birnin Rum

Taron da ya kai ni birnin Rum a watan Oktoba na aikin gona ne, a hedikwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma an rufe shi ranar Juma'a da la'asar, alhali jirgin da zai dawo da mu gida ba zai tashi ba sai daren Lahadi. Ni da wani dattijo mutumin Maraɗi da muka sauka a masauki ɗaya, wanda kowa ke kira Alhaji, muka yanke shawarar cewa ba za mu ƙarar da kwana biyun nan a ɗaki ba. Ginin da muka yi mako guda a cikinsa ma yana da nasa tarihin, domin an fara gina shi ne don ma'aikatar da ke kula da ƙasashen da Italiya ta mamaye a Afirka, kuma a gabansa ne dogon dutsen Aksum ya tsaya, wanda gwamnatin Musolini ta kwaso daga Habasha a 1937, ba a mayar da shi ba sai a 2005.

Kuskurenmu na farko shi ne zaton cewa shiga Kolosiyo, tsohon katafaren fagen wasannin Rumawa, kamar shiga filin wasa ne, ka je bakin ƙofa, ka biya, ka wuce. Daga wurin taron zuwa can tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, saboda haka muka miƙe a yammacin Juma'ar nan. Muka tarar da layi wanda ko da mun tsaya ba zai zo kanmu ba kafin a rufe, ga kuma 'yan kamasho rataye da katuna a wuya suna tarar baƙi da kowane yare, suna alkawarin shigar da mutum ba tare da layi ba a kan kuɗin da ya kusa ninka na gaskiya sau uku. Alhaji ya saurari ɗaya daga cikinsu har ya gama, sannan ya juyo ya ce da ni, "Malam, irin waɗannan muna da su a tasha. Mu koma mu yi abin da masu gari ke yi."

Abin da masu gari ke yi kuwa shi ne sayen tikiti ta intanet tun kafin ranar. A daren nan na zauna da waya ina nema, kuma a nan ma sai mutum ya buɗe ido, domin shafukan 'yan kasuwa masu sake sayarwa su ne ke fara bayyana, an tsara su da hotuna da tambari har ka ɗauka na hukuma ne. Shafin hukumar da ke kula da wurin yana sayar da tikitin gama-gari a kan Yuro 18, wanda ya haɗa Kolosiyo da tsohon dandalin Rumawa da tudun Falatino. Za ka zaɓi rana da sa'ar shiga Kolosiyo, kuma wajibi ne a rubuta sunan kowane mai shiga daidai da yadda yake a fasfo ɗinsa, saboda ana duba takardar shaida a ƙofa. Na rubuta sunan Alhaji yadda muke rubutawa a Najeriya, har na kusa biya, sai ya ce in tsaya ya ɗauko fasfo. Ashe rubutun nasa irin na Faransanci ne, inda ake sa "ou" a gurbin "u", ban da wasu haruffa biyu da suka bambanta. Tikitin da ke kai mutum ramukan ƙarƙashin ginin ya riga ya ƙare tun makonni, domin ana fitar da tikitoci ne kwana talatin kafin ranarsu. Katin bankina ya ƙi aiki sau biyu, da na Alhaji muka biya, muka sami ƙarfe tara na safiyar Asabar.

Masaukinmu yana kusa da babbar tashar Tarmini, kuma a bakin tashar ne na fara ganin abin da zai yi ta maimaita kansa a kwanakin nan biyu. Gefen dandalin da motocin safa ke tsayawa akwai ragowar wata ganuwa ta manyan duwatsu masu ruwan ƙasa, wadda aka gina tun ƙarni na huɗu kafin miladiyya, matafiya na jan akwatunansu ta gefenta ko kallo ba ta ishe su ba. Muka sauka jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin B, tasha biyu kacal. Da muka hawo matakala muka fito titi, sai ga ginin a gabanmu ya tare sama, tsawonsa mita 48. Mun ɗauka mun yi sammako, ashe wani a hanya ya kwana, amma layin masu tikitin ƙarfe tara yana tafiya. Aka duba tikiti a waya, aka haɗa da fasfo, aka sa jakunkunanmu a na'urar bincike kamar a filin jirgi. Ba a shiga da babbar jaka ko kwalba ta gilashi, amma gorar ruwa ta roba ba laifi.

Kafin mu shiga na ɗaga kai na ga an sassaƙa LII a saman wata ƙofa, wato 52 a lissafin Rumawa. Ƙofofi 80 ne suka kewaye ginin, 76 daga ciki suna da lamba, kuma kowane ɗan kallo yana zuwa ne da shaida mai nuna ƙofarsa da wurin zamansa, shi ya sa mutum kimanin dubu hamsin ke iya shiga da fita ba tare da turereniya ba. Sarki Bespasiyan ne ya fara ginin wajen shekara ta 72 miladiyya, a kan wani tafki da Sarki Nero ya haƙa a cikin harabar fadarsa, ɗansa Titus kuma ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasanni na kwana ɗari. Wurin zama ya bi matsayi, 'yan majalisar dattawa a ƙasa daf da fage, talakawa da mata can ƙololuwa.

Mai zuwa da zaton ganin kujeru a jere zai ɗan yi turus, domin abin da ya rage ƙashin ginin ne, jan bulo da kankare, an kware masa fata. Daɓen fagen ma babu shi sai wani yanki da aka sake shimfiɗawa, saboda haka daga bene kana hango lungunan ƙarƙashin ƙasa da Sarki Domitiyan ya ƙara, inda ake tsare mayaƙa da namun daji, ana ɗago su cikin keji da igiya su ɓullo tsakiyar fage. Da yawa daga zakuna da damisoshin da aka kashe a nan daga arewacin Afirka aka kamo su. Ban ji sha'awar wasannin ba ko kaɗan, wurin kisa ne da aka ƙawata, kuma na yi mamakin yadda wasu ke ta dariya suna ɗaukar hoto kamar a wurin biki.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne ramukan da suka cika jikin duwatsun, manya da ƙanana, kamar an yi wa ginin ruwan harsashi. Alhaji ya ce lallai yaƙi ne. Na kai hannu cikin ɗaya daga cikinsu, na ji gefensa da kaushi, alamar an fafe shi ne da kurfi da guduma, kuma na lura duk ramukan suna daidai mahaɗar dutse da dutse. Magina ba su sa kwaɓi tsakanin manyan duwatsun ba, da maɗaurai na ƙarfe suka ɗaure su, aka zuba darma, kuma an ƙiyasta nauyin ƙarfen da tan 300. Bayan daular ta faɗi, ƙarfe ya yi tsada, sai mutanen gari suka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya suna haƙo shi. Girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da bangon waje na ɓangaren kudu, daga nan kuma wurin ya koma mahaƙar dutse, ana loda amalanke ana kai wa masu gina fadoji da majami'u. Wata zuriya mai ƙarfi ta taɓa mayar da shi sansaninta, talakawa sun zauna a lungunansa, kuma ba a daina ɗibarsa ba sai a tsakiyar ƙarni na 18, da Fafaroma Benedik na 14 ya ayyana shi wuri mai tsarki. Wato duk wanda ya zaga cikin birnin yana ganin Kolosiyo a jikin wasu gine-gine ba tare da ya sani ba.

Da muka fito muka wuce ta gaban ƙofar nasara ta Sarki Kwanstantin, wadda aka kammala a 315. Ita ma kayan aro ce, domin mafi kyawun sassaƙan da ke jikinta an ciro su ne daga gine-ginen sarakunan da suka gabace shi, Tirajan da Hadiriyan da Markus Oreliyas, har aka sake sassaƙa wasu fuskokin su yi kama da tasa. Ashe tun daular na da ranta aka fara wannan ɗabi'a.

Shiga dandalin Rumawa da wannan tikitin dai ake yi, amma sau ɗaya tak, in ka fita ka fita. Hanyar ta hau ɗan tudu zuwa ƙofar nasara ta Titus, inda aka sassaƙa sojoji ɗauke da ganimar da suka kwaso daga haikalin Ƙudus a shekara ta 70, har da fitilar nan mai rassa bakwai. Daga nan sai gangara a kan manyan baƙaƙen duwatsun daɓe da ƙafafu suka goge har suna santsi. A nan na gane wautar da na yi ta sa takalmin fata mai sulɓin ƙasa, irin wanda na yi mako ina zuwa taro da shi, domin kafin azahar dugadugaina sun yi bororo.

Dandalin kansa, in faɗi gaskiya, da farko kufai ne mai rikitarwa, ginshiƙi uku a nan, takwas a can, tarin duwatsu cikin ciyawa, kuma allunan bayani ba su wadatar ba. Sai da na tsaya gaban haikalin Antoninus da Fostina sannan wurin ya fara yi mini magana. An gina shi a 141, ginshiƙansa suna nan tsaye cur, amma a bayansu akwai fuskar coci, kuma koriyar ƙofar cocin tana rataye can sama, ba matakalar da ta kai gare ta. Alhaji ya tambaya wane irin magini ne zai sa ƙofa inda ba mai iya shiga. Amsar ita ce lokacin da aka sa ƙofar, a nan ƙasa take. Ambaliyar kogin Tiba da ɓaraguzai da shara sun yi ta cike kwarin shekara da shekaru har ƙasa ta tashi mitoci da dama, dandalin da ake yanke hukuncin duniya ya zama makiyaya, mutanen gari suna kiransa filin shanu. Masu tonon tarihi na ƙarni na 19 ne suka kwashe ƙasar, suka bar ƙofar a sama.

Daga nan na fara lura cewa gine-ginen da suka tsira da rufinsu su ne waɗanda aka ba wani aiki. Zauren majalisar dattawa yana nan da bangonsa huɗu saboda an mayar da shi coci a shekara ta 630. Maƙwabtansa da ba su sami mai shiga ba kuwa, an kwashe duwatsunsu, an ƙona mabul ɗinsu a tanderu an yi farar ƙasa. Kusa da zauren akwai ƙofar nasara ta Saftimiyas Seberus, ta shekara ta 203, kuma Alhaji ya ji daɗi da na gaya masa cewa wannan sarki haifaffen Leptis Magna ne, a gaɓar tekun Libiya ta yau. Mun kuma leƙa wata 'yar rumfa inda tudun ƙasa ke nuna wurin da aka ƙona gawar Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin miladiyya, muka tarar an ajiye furanni da tsabar kuɗi a kai. Tudun Falatino, inda fadojin sarakuna suke, mun hau shi ne kawai don mu hango dandalin daga sama, muka sauko, saboda gwiwar Alhaji ta fara yi masa gardama.

A wajen ƙofa muka sami ɗaya daga cikin famfunan ƙarfen nan da ke ko'ina a titunan birnin, waɗanda suke kira nasoni, wato manyan hanci, saboda lanƙwasar bututunsu. Ruwansu yana zuba dare da rana, mai sanyi ne, kuma kyauta. Ina ƙoƙarin tara hannu in sha sai wata tsohuwa ta nuna mini dabarar: ka toshe bakin bututun da yatsa, ruwan sai ya yi tsiri ta wata 'yar huda da ke samansa, ya zo daidai bakinka. Gwajina na farko a fuska ya same ni, Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. A nan muka yi alwala, muka sami gefen wani lambu muka haɗa azahar da la'asar a matsayinmu na matafiya, domin babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewa, nesa da inda muke. Abincin rana kuwa fiza ce da ake yankawa da almakashi a auna a sikeli, muka zaɓi mai dankali da mai tumatir zalla, bayan na tambaya da kalmomi biyun da na haddace, senza maiale, ma'ana ban da naman alade.

Zuwa Fantiyon, tsohon haikalin Rumawa mai ƙubba, tafiyar kusan minti ashirin ce ta cikin lunguna. A watan Yulin 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga, Yuro 5 a lokacin, kuma da yake coci ne mai aiki, ana bukatar sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, wanda mu da ke cikin kaftani bai shafe mu ba. Rubutun da ke goshinsa na ɗauke da sunan Agiriffa, wanda ya gina na farko, amma ginin da ke tsaye na zamanin Hadiriyan ne, wajen shekara ta 125. Ginshiƙai 16 ne ke riƙe da barandarsa, kowanne dutse guda ne ba haɗi, tsawonsa ya kusa mita 12, kuma daga Masar aka sassaƙo su, aka biyo da su kogin Nilu, aka haye teku. Na rungumi ɗaya, hannuwana ba su ko kusa haɗuwa ba.

Ciki kuwa gani ya kori ji. Faɗin ƙubbar mita 43 ne da ɗoriya, tsawonta daga daɓe zuwa ƙololuwa ma haka, kuma kankare ce zalla, babu rodi ko ɗaya a cikinta. Dabarar ita ce kaurinta ya fi mita shida a gindi, yana raguwa har ya koma mita ɗaya da 'yan kai a sama, sannan tsakuwar da aka kwaɓa tana ƙara sauƙin nauyi yayin da ake hawa, har a ƙarshe aka yi amfani da dutsen aman wuta mai kama da soso. A tsakiya akwai buɗaɗɗiyar kafa mai faɗin kusan mita tara, ita kaɗai ce tagar ginin, hasken rana na shigowa ta cikinta kamar faifai yana tafiya a jikin bango. In an yi ruwa yana zubowa ciki, kuma na durƙusa na ga ƙananan hudojin da aka yi a daɓen don ya tsiyaye. Alhaji ya daɗe da kai a sama, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya?" Na ce na taɓa, ranka ya daɗe. Ya ce tunanin magini ɗaya ne, yadda za a raba nauyi ya sauka ta gefe, sai dai Babban Gwani da ƙasa da azara ya yi nasa. Fantiyon ya tsira ne saboda an miƙa shi ga Fafaroma an mayar da shi coci a 609, ko da yake hakan bai hana Fafaroma Urban na 8 kware tagullar rufin barandarsa a ƙarni na 17 ya narka aka yi igwa ba. Maɓuɓɓugar Tirebi, da aka kammala a 1762, mun bi ta gabanta a hanyar komawa, amma cunkoson masu jefa tsabar kuɗi a ruwanta ya sa ko minti biyar ba mu yi ba.

Ranar Lahadi na sayi takalmin roba mai laushi a wata rumfa kusa da tasha, muka nufi cocin San Kilimente, wadda ba ta fi tafiyar minti biyar daga Kolosiyo ba, amma ba a cika ganin ayarin 'yan yawon buɗe ido a can ba. Shiga cocin sama kyauta ne, sauka ƙasa kuma da tikiti, wanda shi ma ta intanet na saya, kuma ranar Lahadi ba a buɗewa sai tsakar rana. Cocin sama ta farkon ƙarni na 12 ce, kuma ko a cikinta ginshiƙan ba su yi kama da juna ba, wani mai gurza-gurza, wani sumul, domin daga tsofaffin gine-gine daban-daban aka tsinto su. Alhaji ya dubi matakalar, ya ce shi kam zai jira ni a tsakar gidan, inda ake da inuwa da 'yar maɓuɓɓuga.

Bene na farko a ƙasa wata cocin ce sukutum, ta ƙarni na huɗu, wadda aka cike da ɓaraguzai aka ɗora sabuwar a kanta, aka kuma manta da ita har 1857, lokacin da wani limamin coci ɗan ƙasar Ailan, Joseph Mullooly, ya fara haƙa. Iskar wurin tana da danshi da warin ƙasa, fitilun ba su da ƙarfi, kuma an hana ɗaukar hoto, abin da ya sa mutane ke tafiya a hankali suna kallo da idonsu. Zane-zanen bango sun koɗe amma ana gane su. Daga can wata matsattsiyar matakala ta sake gangarawa zuwa gine-ginen ƙarni na farko, waɗanda aka yi bayan gobarar da ta cinye birnin a shekara ta 64. A nan akwai wani ɗaki mai ƙaramin rufi da dakali hagu da dama, inda mabiya wani abin bauta mai suna Mitra ke taruwa, da dutsen hadayarsu a tsakiya. Akwai kuma wani lungu tsakanin gine-gine biyu wanda sai da na karkata kafaɗa na wuce, kuma a lokacin ne na tuna cewa wannan lungu a dā sararin sama ne a bisansa.

Tun ina bene na biyu nake jin wata ƙara kamar ta injin nesa, sai a ɗakin ƙarshe na ga mafarinta. Ruwa ne ke ɓulɓulowa ta wata kafa a gindin bango, garau da shi, yana gudu da ƙarfi ya shige magudana. Shi ne ya taɓa cika wannan bene har ya hana shiga, sai a farkon ƙarni na 20 aka haƙa masa hanya zuwa tsohuwar magudanar da ke kusa da Kolosiyo. Na tsuguna na sa hannu, sanyinsa ya ratsa ni har gwiwar hannu.

Da na hawo, hasken tsakar gidan ya kashe mini ido na ɗan lokaci. Alhaji yana zaune a gindin ginshiƙi da carbi a hannu, ya tambaye ni me na gani a ƙasan. Na ce coci a ƙarƙashin coci, da unguwa a ƙarƙashinta, da ruwa a ƙarƙashin unguwar. Ya ce to in bar sauran bayanin sai mun zauna a jirgi, domin ƙarfe biyu ta wuce, kayanmu na masauki ba a ɗaure ba, kuma jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin sama na Fiyumicino daga Tarmini yake tashi.